Tsohon Ténéré na Kawu ba ya tsayawa sai da cok, in bari a buɗe injin?

Ɗan Daura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san manyan babura na tafiyar nesa, musamman tsofaffin.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana zaune a Agadas, kuma daga can ya dawo da wani babur Yamaha XT600Z Ténéré, irin na farkon nan da aka fara fitarwa a 1983, mai tankin lita 30, wanda ba shi da sitata sai kik. A hannun wani Bature da ya keto hamada da shi ya saye shi. Tun ina firamare ni ke wanke masa shi ranar Juma'a. Da ciwon gwiwa ya hana shi buga kik, sai ya jingine shi a zaure aka lulluɓe da tsohuwar tabarma, ya shekara bakwai a nan. Bayan rasuwa 'ya'yansa suka ce in ɗauka, tunda ni na san darajarsa.

Ga abin da na yi. Na juye tsohon fetur ɗin, ya yi ja kamar shayi, yana wari irin na fenti. Na sa sabon fulogi. Na zaro sandar awon baƙin mai na gan ta a bushe ƙayau, sai na ɗura sabon mai har ya kai layi. Na yi ta buga kik har rigata ta jiƙe, can ya kama. Wallahi sai da na yi ƙwalla da na ji muryarsa.

To amma ba ya tsayawa sai da cok. Ina mayar da cok zai mutu, in na murɗa totur sai ya yi tari ya shaƙe. Ga farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ga baƙin mai yana ɗiga daga akwatin filtar iska. Na tura shi wajen wani makanike a cikin gari, ya saurara kaɗan ya ce ringi ya mutu, sai an sauke injin, kafireton ma a cire a ɗaura na ƙaramin mashin tunda wai mai baki biyu wahala ce. Raina bai kwanta ba, na turo abina gida. Ina da sifanu da haƙuri, kuma a gida nake so in gyara shi da hannuna. Burina in hau shi ta Kwangwalam da Matamai in je Damagaram gaishe da gwaggo. Ta ina zan fara?

Tsohon Makanike, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa kawunka. Ɗana, ka kyauta da ka dawo da shi gida. Kada ka bari kowa ya kwance noti ko ɗaya a kan injin nan tukuna.

Mashin da ke tashi da cok ya mutu in an mayar, ƙishirwar mai yake yi a silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a murɗa totur ba. Fetur ɗin da ya kwana shekara bakwai ya zama danƙo, kuma wurin da yake fara toshewa shi ne ƙaramin jet na silo, ɗan bututun da mai ke bi a cikin kafireto, wanda hujinsa ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Cok yana da tasa hanyar mai daban, shi ya sa yake rayuwa da shi.

Kafireton nan kuwa da gangan aka yi shi baki biyu. Injin silinda ɗaya ne amma bawul huɗu gare shi, biyu na shiga biyu na fita, kowane bawul na shiga da ƙofarsa. Bakin farko waya ke ja, shi ke aiki a ƙaramin gudu. Na biyun sai ka buɗe totur sosai yake shigowa, iska ce ke ɗaga shi. In aka ɗaura maka na mashin mai sisi 125 a kan injin mai sisi kusan 600, ka kashe shi da ransa.

Ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu. Ka buɗe kwanon ƙasa, ka zaro jet-jet ɗin, ka jiƙa su a man wanke kafireto su kwana, ka hura da iska. Kada ka zura allura ko wayar ƙarfe, jet ɗin tagulla ne, hujinsa yana buɗewa, daga nan shan mai ya lalace har abada. Zare ɗaya na wayar lantarki mai laushi ya isa. Ka ɗaga jet ɗin ka duba a rana, sai ka ga haske zagaye sosai kafin ka mayar. Roba kuma kada ta taɓa man wankin nan.

Abu na biyu, robobi biyun da ke haɗa kafireto da kan injin. In sun tsufa sukan tsage, ko robar ta rabu da ƙarfen da ke jikinta, iska ta riƙa satar hanya. Yadda za ka gane: injin na aiki, ka fesa man wanke kafireto kaɗan a kansu. In murya ta canza, to nan ne. Ka yi a fili, ba a zaure ba, da bokitin yashi kusa da kai.

Tankin ma ka leƙa da tocila. In da tsatsa, duk wankin da ka yi na banza ne, kwana biyu zai sake toshewa. Ka wanke shi, ka sa ƙaramar filta a tiyon mai.

Mai Moto na Agadas:

Baba ya faɗi gaskiya kan kafireto. Ni kan hayaƙin zan yi magana, don na tabbata kai ka jawo shi ba da sani ba, ba ringi ba ne.

Wannan moto ba ya ajiye baƙin mai a gindin injin kamar ƙananan da ka saba da su. Tanki daban gare shi, famfo ɗaya na tura mai cikin injin, wani na kwaso shi ya mayar tanki. In ya daɗe a ajiye, man yakan sulale a hankali ya taru a ƙasa, sanda ta nuna babu. Kai kuma ka cika tankin. Da ya tashi, famfo ya kwaso tsohon ya haɗa da sabon, wuri ya ƙare, sai ya bi tiyon numfashi ya zuba a akwatin iska, injin ya shaƙa ya ƙona. Hayaƙinka ke nan.

Ka juye duka ta wuri biyu, notin ƙasan injin da na tankin, ka canza filtar mai. A saman murfin filtar akwai ɗan ƙaramin noti. Ka sassauta shi ka tayar da injin, in mai ya tsattsafo ka ɗaure. In minti ɗaya ya wuce bai fito ba, kashe nan take. Awo kuwa sai injin ya yi ɗumi na 'yan mintoci, moto a tsaye cak, sannan ka duba. Ka nemi 20W-50 na babur mai alamar JASO MA, domin kulocinsa a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota suna sa shi santsi.

Ka riƙe shi da kyau. Sunan hamadarmu aka sa masa, bayan Cyril Neveu ya ci tseren Paris-Dakar na 1979 da na 1980 a kan XT500, yayansa. Mu da muka taso muna ganin masu tseren suna sauka garinmu, mun san ƙura ita ce ajalinsa. Lokacin hunturu ka riƙa wanke soson filtar iska kana shafa masa mai akai-akai.

Bakano mai tafiye-tafiye:

Malam, ni tsorona ba injin ba ne. Tayar da ta shekara bakwai a tsaye ko da zanenta sabo ne ta bushe, ka duba gefenta za ka ga tsaga. Ta gaba inci 21 ce, ba ko'ina ake samu ba, ka fara cigiya tun yanzu. Man birkin gaba ma ka canza shi gaba ɗaya, yana shan ruwa in ya daɗe. Kuma sukurorin kafireton Japan suna saurin cinyewa, ka danna sukudireba da ƙarfi kafin ka murɗa, wanda ya ƙi ka ɗan buga masa guduma a ka. Kada ka nufi Damagaram sai ka yi sati biyu kana zagaya gari da shi.

Ɗan Daura:

Allah ya saka muku da alheri. Na kwana uku a kai.

Baba, kamar kana wurin. Jet ɗin silo a toshe yake da wani kore-koren abu, da na ɗaga shi a rana ko ɗigon haske babu. Sai da ya kwana biyu a jiƙe ya buɗe. Robar hagu kuma ta rabu da ƙarfenta, yatsana na sa ta ɗago. Na ɗaure ta na wucin gadi, na ba wani ɗan uwa da ke zuwa Kano saƙon sababbi. Malam na Agadas, man da na juye ya kusa cika galan, rabinsa baƙi ƙirin. Da na zuba daidai, hayaƙin ya yi minti goma yana raguwa har ya ɗauke. Jiya bayan la'asar ya tsaya a silo ba cok, na lallaɓa da shi har wajen rijiyar Kusugu na dawo. Tayoyin kuwa duk sun tsattsage kamar yadda aka faɗa, ba zan ƙara fita ba sai na samu wasu.

Saura abu ɗaya, Baba. Kik ɗin yana da tauri ƙwarai, sau biyu ya dawo ya doke ni a ƙafa. Na lura da wata siririyar waya da ta taso daga wajen kik zuwa kan injin, ta saki sosai har tana lilo. Ita ce ke rage matsin iska lokacin tayarwa? In ita ce, yaya ake saita ta, kuma in fara duba tazarar bawul kafin in taɓa ta ko bayan?