Lamba 1045 ta hana ni shiga MySQL

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka, tun jiya MySQL, wato tsarin da ke riƙe rumbun bayanai, ya ƙi barin manhajata ta shiga, kuskure mai lamba 1045 yake nuna min. Ta lissafin kaya ce nake yi wa wani kantin magani. Ga hoton allon.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Goge hoton nan yanzu, kalmar sirrinka tana layi na huɗu.

Ɗan Gwammaja: Subhanallahi! Na goge, Malam.

'Yar Zazzau: Gogewa ba ta wadatar ba, ya riga ya sauka a wayoyin mutane. Canza ta kawai. Kuma gaba ka kwafo rubutun kuskuren ka liƙa, hoton da aka ɗauka da waya da ƙyar ake karanta shi.

Sarkin Kod: Ka sa root, asusun da ke da iko a kan komai, a manhajar ka huta mana. Ko ka buga GRANT ALL PRIVILEGES ON *.* ka ba asusunka dukkan izini, shi ke nan.

Baban Ummi: A'a ƙanena, kar ka ɗora yaron nan a wannan hanya. Ni na bi ta, na san inda take ɓullewa. Shekarun baya na yi wa wata makaranta manhajar sakamakon jarrabawa. Da yake a XAMPP na fara, wato manhajar gwada saba a kwamfutar mutum, inda root ba ya da kalmar sirri, sai na saba, na kai aikin sabar makarantar da root ɗin nan. Malamai da shi, akawu da shi, yaron da na ɗauka yana taya ni shi ma da shi. Ranar wata Alhamis yaron yana son share teburin gwaji, ashe a rumbun gaske yake, ya buga DROP TABLE, umarnin share tebur gaba ɗaya, a kan na maki. MySQL bai tambaye shi ko ya tabbata ba, kuma abin da DROP ya share ba ya dawowa da ROLLBACK, umarnin janye abin da aka yi. Kwafin ajiyar rumbun na mysqldump da nake da shi ya kwana kusan ashirin. Mako guda muka yi da malamai muna sake shigar da maki daga takardu, iyaye suna ta sintiri a bakin ofis. Ban ga laifin yaron ba. Ni na miƙa masa makullin gida gaba ɗaya alhali ɗaki ɗaya zai shiga. Tun ranar, kowace manhaja da nata asusun, a kan rumbunta kaɗai:
CREATE USER 'kanti'@'localhost' IDENTIFIED BY '...';
GRANT SELECT, INSERT, UPDATE ON kanti.* TO 'kanti'@'localhost';
DELETE ma sai na ga lallai aikin na buƙata. Mai duba rahoto SELECT kawai yake samu. Kantin magani kuwa, idan lissafi ya ɓace, kuɗin mutum ne da kwanan watan lalacewar magunguna.

Sarkin Kod: Malam ai a kwamfutarsa yake gwaji, ba wanda zai mutu.

Baban Ummi: Ni ma a tawa na fara.

Ɗan Maraɗi: Ku tsaya, duk ba a taɓa tambayar ba. 1045 ba maganar GRANT ba ce, tun a ƙofa aka tare shi. Ko dai suna, ko kalmar sirri, ko wurin da yake shigowa. Da izinin tebur ne ya gaza 1142 zai gani, na rumbu kuma 1044. A wurin MySQL 'kanti'@'localhost' (mai shigowa daga kwamfutar kanta) da 'kanti'@'%' (mai shigowa daga ko'ina) asusu biyu ne daban. Ɗan'uwa, shiga da root ka buga SELECT user, host FROM mysql.user, ka faɗa mana abin da ya fito. Kuma wane MySQL ne, 5.7 ko 8?

Ɗan Gwammaja: 8 ne Yaya. Wani bidiyo na bi, GRANT da IDENTIFIED BY a layi ɗaya.

Ɗan Maraɗi: To ga ta nan. Tun da 8.0 ya fito a 2018 GRANT ya daina ƙirƙirar asusu, sai ka fara da CREATE USER. Ina zargin asusun ma babu shi.

Sarkin Kod: Kar ka manta FLUSH PRIVILEGES, umarnin sake loda izini.

'Yar Zazzau: Ba a buƙatarsa bayan GRANT. Sai in da hannu ka taɓa teburin mysql.user.

Sarkin Kod: Ni dai ina bugawa, kamar addu'ar tashi daga majalisa 😂

Alhajin Linux: Da PostgreSQL kuke amfani maimakon MySQL da duk ba a yi wannan ba.

'Yar Zazzau: Haba Alhaji, wa ya kwana biyu a zauren nan yana fama da pg_hba.conf, fayil ɗin izinin shiga na PostgreSQL? Kuma tun PostgreSQL 15 ba kowa ke iya ƙirƙirar tebur a sashen public ba, nan ma sai an ba da izini.

Alhajin Linux: Wannan ai ci gaba ne Hajiya, ba matsala ba.

Mai Shayi: Ɗan Gwammaja biyo ni ta gefe in gyara maka, turo min bayanan shiga.

Baban Ummi: A yi a nan don Allah. Wanda zai ci karo da ita gobe ya samu amsa. Kuma kada kowa ya tura wa kowa kalmar sirri, ko ni ne na nema.

Mai Shayi: Taimako ne nufina Malam.

Baban Ummi: Na sani, ba zargi ba ne.

Ɗan Maraɗi: Ƙari ɗaya, in ka kai shi saba kar ka sa '%' don sauƙi, kuma kar ka bar ƙofar MySQL ta 3306 a buɗe ga intanet. Masu lalube ba sa barci.

Umman Khalifa: Salam. Akwai wanda ya iya Laravel?

'Yar Zazzau: Wa alaikis salam Anti, kawo tambayar kai tsaye, wanda ya sani zai amsa.

Ɗan Maraɗi: Ɗan Gwammaja, ta yi ko ba ta yi ba? In ta yi ka rubuto abin da ya gyara ta.

Alhajin Linux: Ya sauka tun la'asar. Wai ku ma an ɗauke muku wuta?