Colt 1851 Navy: zoben kunama mai kusurwa ko mai zagaye?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Jojiya ta Amurka. Makon jiya na sayi libarba mai ɗurin albarushi, kwaikwayon Colt 1851 Navy, ƙirar Italiya. Zoben da ke kare kunamarta na tagulla ne, bayansa a miƙe da kusurwa. Da na kai ta filin harbi, wani dattijo ya juya ta a hannu ya ce ta zamanin yaƙin basasar Amurka ba haka take ba. Abin ya tsaya mini a rai, don saboda tarihi na saye ta. Gaskiya ya faɗa?

Baba Maiƙira:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, ba ƙage aka yi ba. Colt, mai kamfanin, ya fara wannan bindiga da zobe mai kusurwa, kamar na libarbobinsa da suka gabace ta, Walker ta 1847 da Dragoon samfuri na farko da na biyu. Amma dubu huɗu da ɗoriya kawai aka ƙera haka, cikin fiye da dubu 200. Daga nan aka koma ƙaramin zobe mai zagaye, sannan babba. Wanda ya riƙe ta a 1861, farkon yaƙin, kusan tabbas mai zagaye ce a ƙugunsa. Ni dai mai kusurwar ta fi burge ni, ko da yake kusurwar tana gugar ɗan yatsana na tsakiya in na daɗe ina harbi.

Hajiya Ummi:
Malam, duba abin da ya fi zoben muhimmanci. Faɗin bakinta inci .36 ne ko .44? Navy ta asali .36 ce. Kuma jikin da ke riƙe da tulun harsashi, in tagulla ne, ba aikin Colt ba ne. Griswold da Gunnison ne suka yi irinsa, nan jiharku, lokacin yaƙin, da ƙarfe ya yi wa 'yan Kudancin Amurka wuya.

Ɗan Zazzau:
Alhamdulillahi, Hajiya, .36 ce, jikinta ƙarfe. Baba, zoben baƙin ƙarfe da na gani a wata fa?

Baba Maiƙira:
Wannan salon masana'antar Colt ta Landan ne. Naka ka bar shi yadda yake, ka daina goge tagullar har tana ƙyalli. Na asali da ruwan azurfa aka rufe yawancinsu.