Firiza na kashe tsutsar Trichinella a nama?

Baban Iman: Assalamu alaikum. An ce akwai tsutsar da ke ɓuya cikin tsokar naman daji da naman da ake shigowa da shi daga waje. In ya kwana biyu a firiza ko aka kyafe shi, ba shi ke nan ba?

Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam. Ba shi ke nan ba, Malam. Trichinella iri-iri ce. Wadda ke cikin alade takan mutu in yankan bai kai kaurin santimita 15 ba kuma ya yi kwana 20 a sanyin digiri -15 na Salshiyas. Amma nativa, ta dabbobin ƙasashen ƙanƙara, sanyi bai dame ta ba. A 2022 mutum shida suka kamu a Amurka daga naman beyar (wata babbar dabbar daji mai gashi) da aka harbo a Kanada, bayan ya yi kwana 45 a firiza. Biyu daga cikinsu ma kayan lambun da aka gasa tare da naman kawai suka ci. Kyafewa, gishiri da shanyawa duk ba abin dogaro ba ne. Zafi ne maganinta: a soka ma'aunin zafi a wuri mafi kauri, tsakiyar ta kai digiri 74 na Salshiyas. Tsiren da ya ƙone a waje yana ja a ciki bai gasu ba.

Maman Sadiq: Kada a ce ai sai mai cin alade. Faransa da Italiya sun sha fama da ita daga naman dokin da aka shigo da shi, tun 1975. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta wajabta gwada kowane doki a mayanka: a yanki giram 10 daga harshe ko muƙamuƙi, a narkar da shi da pepsin (sinadarin narkar da nama) da asid a zafin digiri 44 zuwa 46, a tace, a duba a madubin likita. Ido ba ya ganinta. A Afirka an same ta a gyado, kura da kada. Shanu, tumaki da awaki ba kasafai ba.

Dakta Arewa: Ƙari kan alamomi. Kwana ɗaya zuwa biyu da ci, gudawa da ciwon ciki. Daga mako na biyu sai zazzaɓi, ciwon tsoka da kumburin fatar ido, a nan ake ɗauka maleriya ce ko taifod. A gaya wa likita naman da aka ci, ya duba yawan eosinophil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) a jini. Albendazole ake bayarwa, miligiram 400 sau biyu a rana, kwana 8 zuwa 14, kuma ya fi aiki kafin tsutsar ta zauna cikin tsoka. Duk wanda ya ci daga tukunyar nan shi ma a kai shi a duba.