Me ke kan faifanku a 'yan kwanakin nan?

Dattijon Fagge

Assalamu alaikum jama'a. An kwana biyu muna ta musun wace amfilifaya ta fi wace, da wayar sifika mai tsada da mai araha, har muna neman mu manta abin da ya sa muka tara ƙarafan nan a ɗaki. Yau dai a ajiye zancen ƙarfe. Kowa ya faɗi abin da yake saurare kwanan nan, da lokacin da yake samun sukunin zama ya saurara, in da wanda zai ce wa ɗan'uwa ya nema, ya faɗa.

Ni lokacina sai bayan isha'i, idan jikoki sun watse, masu janareton layinmu sun fara kashewa ɗaya bayan ɗaya. Mako na uku ke nan ban cire In the Heart of the Moon daga na'ura ba, na Ali Farka Touré da Toumani Diabaté, wanda ya fito a 2005. A otal ɗin Mandé da ke bakin kogi a Bamako aka naɗe shi, kuma kusan duk aikin jita ne da kora, babu hayaniya. Kora tsirkiya 21 gare ta, to a ƙaramar rediyo duk sai su cakuɗe su zama abu guda. A tsohuwar Sansui ɗina kuwa, da na janye sifikun daga jikin bango kamar taku biyu, sai ga Ali a gefe guda, Toumani a ɗaya gefen, har motsin yatsa kafin ya taɓa tsirkiya kana ji. Hajiya ta ce na tare hanyar wucewa. Na ce ta yi haƙuri, hanya ce ta tare sifika. Duk su biyun sun riga mu gidan gaskiya, Ali a 2006, Toumani a 2024, Allah ya jiƙansu.

Ɗan Damagaram

Wa alaikumus salam Baba. Mu nan Zinder sai da sanyin safiya, kafin rana ta buɗe, in an ci sa'a akwai kuran, wato wutar lantarki. Abin da nake ta maimaitawa shi ne Mamman Sani, La Musique Électronique du Niger. Duk wanda ya tashi a Nijar ya san kiɗan nan ko bai san mai shi ba, don shi ake sakawa a rediyo da telebijin tsakanin shiri da shiri. Ni har na girma na ɗauka daga ƙasar waje ake kawo shi. Ashe mutum ɗaya ne da ogan ɗinsa a Yamai, a 1978 ya naɗe shi ya fito a kaset, sai 2013 Sahel Sounds suka buga shi a faifai. Ranar da na fara ɗora allura a kai, wallahi ƙamshin kunun da tsohuwata ke damawa da safe na ji.

Mai son abin da zai girgiza ɗaki ya nemi Afrique Victime na Mdou Moctar, na 2021. Amma a rage murya kafin a saka, don bahagon nan ba ya sallama idan zai shigo. Farkon jin da na yi masa a memori ne, wani ya tura mini ta Bluetooth a tasha, sautin a matse kamar daga cikin gwangwani. Da na ji shi a buɗe sai na gane ashe rabin gangar ban taɓa ji ba.

Gargaɗi ɗaya: kada wanda ya bar faifai a mota. Na yi wannan wautar a watan Afrilu, awa biyu kacal, na dawo na tarar ya lanƙwashe kamar gefen malafa.

Injiniyan Sabon Gari

Alhaji ka ce a ajiye zancen ƙarfe, amma mu da ƙarfe muke ci. Ni duk sauraron da nake yi a shago ne, da ƙarfen walda a hannu. In na gama gyara, mai kaya ya zo karɓa, Brothers in Arms na Dire Straits nake saka masa, na 1985, don naɗin tsaf yake, ko sifika mai tari sai ta yi kyan gani. Wannan na kwastoma ne. Gwajin da nake yi wa kaina kuwa Shata ne. Kalangu magana yake yi: makaɗi ya matse tsirkiyar a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka. In sifika ta kasa bin hawa da saukar nan, sai dum-dum kawai take ba ni, to ban gama aiki ba, ko nawa aka saye ta.

Wani bawan Allah ya kawo mini garmahonsa sau biyu wai muryar Shata tana rawa kamar mai jin sanyi. Na kwance, na duba, lafiya lau. Sai a zuwa na uku na tambaye shi da wace wuta yake kunnawa, ya ce ƙaramin janareto. Nan matsalar take. Da yawa daga cikin garmahon da roba ke juya faifansu, motarsu da bugun wuta take tafiya, hamsin a daƙiƙa, in janareto ya yi sama ya yi ƙasa haka faifan zai bi shi. Irin Technics SL-1200 MK2 ba ruwansu, don su suna da abin daidaita gudunsu a ciki. Na ce ya koma kan inbata, ko ya jira a kawo wuta.

Na Agege

Ku gafarce ni, zan faɗi abin da ba za a so ba. Ina girmama Shata, da waƙarsa aka yi bikin iyayena. Amma yawancin abin da ke hannunmu nasa kwafin kwafi ne: an ɗauka a wajen biki da rikoda, an juya a kaset, an sake juyawa sau goma, wani ya mayar MP3, wani ya ƙara matsewa don ya shiga WhatsApp. Ka kashe dukiya ka haɗa kaya, sannan ka zuba musu shuuu ɗin kaset? Kamar ka sayi doki ne ka ɗaura masa mangala. Ni a wannan makon Juju Music na King Sunny Adé nake ji, wanda Island suka fitar a 1982, gangunan Yarbawa birjik amma kowacce da mazauninta. Da daddare kuma Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, wanda ya girme ni amma ya fi naɗin jiya tsabta. In kewar Shata ta kama ni, a mota nake jin sa, a cunkoson hanyar Ikeja, can ya fi dacewa.

Maman Hanifa, Kaduna

Yaya na Agege, ban yarda ba, kuma ga dalilina. Da Baba ya rasu, 'yan'uwana maza suka raba abin da suka raba, ni na ce a bar mini Pioneer ɗinsa da kwalin kaset. Aka yi ta dariya wai na zaɓi tarkace. A cikin kwalin akwai kaset ɗin Barmani Choge, babu ko bango, da biro Baba ya rubuta sunanta a jiki. Na san waƙoƙin tun ina yarinya, a ƙaramar rikodar Mama muke ji a tsakar gida. Amma daren da na sa shi a na'urar Baba na rufe kunnena da hedifon, abin da na ji daban ne. Shuuu ɗin yana nan, ban musa ba. Sai dai a bayansa akwai mata, ana jin wata ta rangaɗa guɗa daga nesa, wata na dariya kusa da makirfo, ƙwarya ɗaya amonta ya fi na sauran zurfi, can kuma wani jariri ya tsala kuka aka yi waje da shi. Shekara nawa ina jin kaset ɗin nan ban san akwai jariri a ciki ba. Na mayar baya sau uku ina neman wurin. Yanzu duk inda yake ya zama magidanci ko uwar 'ya'ya, bai san yana cikin kwalin Babana ba. Ƙaramar rikoda ba ta taɓa ba ni wannan ba, ballantana mota.

Lokacina kuwa sai yara sun yi barci, kuma dole hedifon, don gidanmu na haya ne, bango ɗaya muke da maƙwabta. In ina guga ranar Lahadi Ummu Kulsum nake sakawa, Inta Umri, wadda Muhammad Abdulwahab ya tsara mata a 1964. A nemi wadda aka ɗauka a gaban jama'a, mai tsawon nan, ba guntuwar da ake yankowa ba. Kafin ta gama na gama kayan makarantar yara duka, har da hijaban.

Ɗalibi a Samaru

Iyayena ina gaisuwa. Ni ba ni da Sansui ba ni da Pioneer, waya ce da 'yar na'urar tace sauti da ake maƙalawa a gindinta, sai iyafis mai waya da na yi wata uku ina tara kuɗinsa. Sauraro kuwa sai tsakar dare in ɗaki ya yi tsit. Expensive Shit na Fela nake ciki, na 1975, kuma gaskiya ba don Fela ba, don Tony Allen. In ka bi hannunsa kaɗai sai ka rantse mutum biyu ne a kan gangunan.

Bari in tona wa kaina asiri. Na daɗe ina cika baki a hostel cewa ni FLAC kawai nake ji, wato fayil ɗin waƙa da ba a zubar da komai na sautinsa ba, MP3 ɓata kunne ne. Abokin ɗakina ya gaji, ya ce in juya baya, ya riƙa sauya mini waƙa ɗaya. MP3 mai lamba 128, wanda aka matse sosai, na kama shi nan take, kugen ya zama kamar ana murza leda. Amma tsakanin MP3 mai lamba 320, wanda ba a matse sosai ba, da FLAC sai canki-canka na riƙa yi, har ya daina ƙirgawa don tausayi. Tun ranar na rage surutu.

Baba na Fagge, ina son in shiga Ɗanƙwairo amma ban san ta inda zan kama ba. Duk wanda na sauko da shi sai in ji kamar a cikin rijiya.

Dattijon Fagge

Ɗana, ka yi abin kirki da ka faɗi gaskiya, akwai masu furfura a nan da ba za su yarda a juya musu baya ba. Game da Ɗanƙwairo, kada ka fara da neman tsabta, ka fara da 'yan amshi. Shi yana jefa ɗan waƙa, su karɓe su miƙa, wani ya ƙara a kan na wani, kotso yana bi ta ƙasa yana ɗaure su. In kunnenka ya kama wannan saƙar, rijiyar ba za ta dame ka ba. Sannan waƙa ɗaya takan zo da ɗauka daban-daban, wata a fada ko wajen taro, wata a ɗakin naɗi na gidan rediyo. Ka tambayi tsofaffin masu sayar da kaset, su suka san wacce ce wacce, ba masu tura waƙa a waya ba. In kuma iyafis ɗinka kake son gwadawa, ɗauki Ɗanmaraya Jos. Murya ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, babu inda ƙarya za ta ɓuya.

Malam na Agege, dokin naka ai ba ya ƙin hanyar ƙauye. Ka bari ya taka.

Baban Nima, Ankara ta ƙasar Gana

Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu nan zango Lahadi da yamma muke haɗuwa mu huɗu a ɗakin wani abokinmu tela, ana shayi ana juya faifai. Wannan satin Alhaji K. Frimpong ne da Cubano Fiestas ɗinsa, sai Ebo Taylor. Abin da ke ba mu takaici, faifan da iyayenmu suka zubar a bayan ɗaki yanzu Turawa ke zuwa suna bi gida-gida suna saye, farashi ya fi ƙarfinmu. Ni dai wanda aka sake bugawa nake saya, ba ni da kuɗin gasa. Danshin teku kuma yana sa musu fumfuna a cikin kwali, sai an riƙa fito da su ana shanyawa a inuwa.

Alhaji, ku mutanen Fagge da kuka san waƙar Sudan, akwai tarin da Ostinato suka fitar a 2018, Two Niles to Sing a Melody, har da Muhammad Wardi a ciki. Gogen nan nasu ya fito sosai.

Na Agege

To, an taru a kaina. Ban janye maganata a kan kwafin WhatsApp ba, wannan kam ko a gaban alƙali. Amma Hajiya, zancen jaririn nan ya tsaya mini a rai. In an juya kaset ɗin a turo mini yadda yake, kada wanda ya ce zai goge shuuu ɗin da kwamfuta, don tare da guɗar zai tafi.

Injiniyan Sabon Gari

Hajiya, don Allah daga yau kada ki ƙara mayar da kaset ɗin nan baya kina neman wuri. Zaren ya tsufa, in na'ura ta tauna shi shi ke nan. Ki sa auduga da sifirit ki goge kan da ke karantawa da 'yar robar da ke jan zaren, ki bar su su bushe. In kin duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a bakin kaset ɗin kin ga ya faɗi, kada ki saka shi sam. Ƙanena yana zuwa Kaduna ranar Asabar kai wa wani amfilifaya, zan haɗo shi da dek ɗina, wato na'urar kunna kaset, da waya, a juya sau ɗaya a kwamfuta a mayar da kaset ɗin kwali. Ki tanadi sauran na cikin kwalin ma, musamman waɗanda babu rubutu a jikinsu.