Wace allurar korona ta dace da wa a gidana kafin 1 ga Fabrairun 2022?

Baban Hafsa, Jidda (Janairu 2022)

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. An ce a nan Saudiyya daga 1 ga Fabrairu duk wanda bai yi allura ta uku ba manhajar Tawakkalna za ta cire masa "muhassan", wato koren alamar da ke nuna mutum ya yi rigakafi. Mu shida ne a gida, kowa da halin da yake ciki.

Baba shekararsa 68, yana da ciwon suga da hawan jini, yana kuma shan maganin tsinka jini. Ya yi Pfizer biyu, ta ƙarshe a Fabrairun bara. Ni na fara da AstraZeneca a Maris, ta biyu aka yi mini Pfizer a Yuli. Uwargida tana da ciki wata biyar, ko ɗaya ba ta yi ba don tsoro. Yaronmu mai shekara 14 ya yi ta farko, sai makon jiya gwaji ya nuna ya kamu. Hafsa shekararta 7, tana da sikila. Surukata kuma annoba ta tsare ta a Damagaram, a can aka yi mata Sinopharm biyu, ta dawo amma wayarta ba ta nuna komai. Wa ya cancanci me, kuma da wa zan fara?

Ummu Sadiƙ, ma'aikaciyar jinya, Makka

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sauki uwargida lafiya.

A fara gyara fahimtar dokar. Ba kowa za ta shafa ranar 1 ga wata ba. Ta shafi wanda ya kai shekara 18 kuma wata 8 ko fiye suka wuce da allurarsa ta biyu. Baba ya cika wata 8 tun Oktoba, don haka shi ne wanda koren zai faɗi a wayarsa. Kai naka lissafin sai Maris. Amma kada ka jira Maris ɗin, domin tun Disamba Ma'aikatar Lafiya ta buɗe allurar ƙari, wadda suke kira tanshiɗiyya, ga wanda ya yi wata 3 da ta biyu. Wata 8 iyakar doka ce kawai. Kariyar jiki tana raguwa tun kafin nan, musamman da zuwan nau'in korona na Omicron.

Idan tambayar wa za a fara kaiwa ce, a ganina uwargida ce, sannan Baba, a rana ɗaya in ya yiwu. Baba yana da allura biyu a jikinsa, ita ba ta da komai. Mai ciki in korona ta kama ta da ƙarfi ta fi wadda ba ta da ciki haɗarin kwanciya a ɗakin kulawa ta musamman da haihuwar bakwaini, kuma haɗarin ya fi yawa a watannin ƙarshe, lokacin da cikin ya danne huhu. Yanzu take shiga wannan zangon. Tun Afrilun 2021 aka buɗe wa masu ciki rajista a Sehhaty, manhajar Ma'aikatar Lafiya, kuma Pfizer ko Moderna ake ba su, domin su ne aka fi tara bayanai a kansu a kan masu juna biyu. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsu. Saƙo ne da ke koya wa jiki ƙera ƙayar da ke bayan ƙwayar cutar don garkuwa ta gane ta, saƙon kuma yana narkewa cikin 'yan kwanaki. Garkuwar da uwa ta samu tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri, wannan kuwa riba ce babba tunda ba a yi wa jarirai allurar.

Pfizer ga babba mililita 0.3 ce a damtse, tazarar ta farko da ta biyu kwana 21 aƙalla. Moderna mililita 0.5, tazara kwana 28. In ta fara makon nan za ta gama tun kafin wata na bakwai. Abu ɗaya da za a kula: zazzaɓi mai zafi ba shi da kyau ga ciki, saboda haka in jikinta ya yi zafi ta sha farasitamol, ta yawaita ruwa. Kada ta sha ibuprofen ko diclofenac.

Game da Baba, maganin tsinka jini ba ya hana allura, kuma kada ya daina sha saboda ita. A gaya wa ma'aikaciyar kafin ta soka, ta yi da siririyar allura, sannan a danne wurin da auduga minti 2 zuwa 5 ba tare da murzawa ba. Murzawar ce ke tara jini a ƙarƙashin fata. In warfarin yake sha, a duba cewa gwajin INR ɗinsa (awon tsinkewar jini) na ƙarshe bai haura inda likita ya tsayar masa ba. Ya ci abinci, ya sha magungunansa na safe kamar kullum. Kwana ɗaya ko biyu bayan allurar suga na iya ɗan hawa saboda zazzaɓi, sai a ƙara yawan gwaji. In kuma ya kasa cin abinci alhali yana yin insulin, faɗuwar suga ce abin tsoro, a ajiye dabino kusa da shi.

Abu Ammar, mai harhaɗa magunguna, Jidda

Bayanin Hajiya ya gamsar. Zan ƙara a kan zaɓin iri, don nan ne mutanenmu ke ɓata lokaci, wani ya soke mau'idi, wato lokacin da aka ba shi, sau uku yana neman wani kamfani.

Alhaji, haɗin da aka yi maka, AstraZeneca sannan Pfizer, daidai ne. Hukuma ta amince da gauraya tun tsakiyar 2021, kuma binciken da aka yi a Ingila ya nuna wannan haɗin yana tayar da garkuwa fiye da AstraZeneca biyu. Ta uku za a ba ka Pfizer ko Moderna, duk wadda ka tarar ka karɓa. In Moderna ce, allurar ƙari rabin ta farko ce: maikirogiram 50, wato mililita 0.25. In ka ga ruwan sirinjin kaɗan ne, ba a rage maka ba. Pfizer kuwa ba ta canzawa, maikirogiram 30 ce a duka ukun.

Wurin da iri yake da muhimmanci biyu ne. Na farko borin jini. Pfizer da Moderna suna ɗauke da sinadarin PEG, AstraZeneca tana da polysorbate 80. Wanda fuskarsa ko harshensa ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe masa jim kaɗan bayan wata allura, ba a sake masa irinta sai likita ya duba. Shi ya sa ake zaunar da mutum minti 15, mai tarihin bori minti 30. Zazzaɓi, ciwon kai, kasala, ciwon damtse da kaluluwa a hamata ba bori ba ne, garkuwa ce ke aiki, kuma kaluluwar ta fi fitowa bayan ta uku. Ƙyamar ƙwai ko gyaɗa ko kifi ba ta hana kowa. Babu kuma gelatin na alade a cikin ukun nan, ga mai wannan damuwar.

Na biyu samari. Akwai kumburin tsokar zuciya da ake gani jefi-jefi bayan Pfizer da Moderna, galibi ga maza matasa, galibi bayan ta biyu, cikin 'yan kwanakin farko. An fi ganinsa da Moderna, har Suwidin da Finlan suka dakatar da ita ga matasa a Oktoban 2021. Don haka ɗanka ya tsaya a kan Pfizer. Alamomin su ne ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri da haki ba tare da aiki ba. In an ga haka a kai shi ɗawari, wato sashen gaggawa, a faɗa musu ranar da ya yi allura, za su yi masa awon zuciya da gwajin jini na troponin. Yawancin yara suna warwarewa da hutu da magani cikin kwanaki. Korona kanta tana haddasa wannan kumburin fiye da allurar. Ya ɗaga ƙafa daga ƙwallo na mako guda bayan ta biyu.

Hafsa ta cancanta, tana ma cikin waɗanda aka ba fifiko. An fara yi wa 'yan shekara 5 zuwa 11 a Disamba, aka sa masu ciwon da ke raunana jiki a gaba, sikila kuwa tana ciki. Tasu kwalba daban ce, murfinta ruwan lemo, maikirogiram 10 a mililita 0.2, kashi ɗaya cikin uku na ta manya. Ka kalli kwalbar da idonka, ka kuma zaɓi cibiyar da Sehhaty ta nuna tana yi wa yara, ba kowace ce ke da ita ba. Ga mai sikila rashin ruwa da zazzaɓi su ne ke tayar da ciwo, saboda haka a cika ta da ruwa kwana ɗaya kafin da kwana biyu bayan. Kada a kai ta tana cikin ciwon ƙashi. Kuma in zafin jikinta ya kai 38.5, kada a ce ai allura ce a zauna a gida. Saifar mai sikila ba ta aiki yadda ya kamata, zazzaɓi a wurinta abin asibiti ne ko da allura ko babu.

Baban Hafsa

Allah ya saka da alheri. Saura biyu: yaushe yaron zai yi ta biyu tunda ya kamu, sannan maganar surukata.

Malam Ɗan Azumi, Madina

Alhaji, matsalar surukarka ta takarda ce. Sinopharm ba ta cikin huɗun da Saudiyya ta ɗauka tun farko, wato Pfizer, AstraZeneca, Moderna da Johnson & Johnson. Amma tun Agustan 2021 aka ce wanda ya yi Sinopharm ko Sinovac biyu za a karɓa in ya ƙara ɗaya daga cikin huɗun. Allura ɗaya take buƙata ke nan. Kada a sake mata daga farko kamar wadda ba ta taɓa yi ba.

Tawakkalna ba ta karɓar takarda kai tsaye, abin da Ma'aikatar Lafiya ta tura mata take nunawa. Za ka shiga shafin ma'aikatar, sashen tabbatar da allurar da aka yi a wajen Saudiyya, da lambar iƙamarta, wato katin izinin zama. Ka ɗora hoton fasfo da takardar rigakafin a PDF. Takardar ta kasance da Larabci, Turanci ko Faransanci, ta Nijar da Faransanci take don haka ba sai an kai wa mai fassara ba. Dole ta nuna sunan allurar, ranar kowace ɗaya, da lambar rukunin kwalbar, wadda ake rubutawa "lot".

Abin da ya fi sa a dawo da buƙata shi ne suna. A kati an rubuta Hadiza, a fasfo Hadizatou, ko an sa sunan miji a ɗaya, sunan uba a ɗayan. Na biyu ranar haihuwa: dattawanmu na Nijar da yawa takardunsu shekara kawai suke nunawa, iƙama kuma ta sa musu rana da wata. Na uku hoto mai duhu da hatimi bai fito ba, ko lambar rukuni da aka bari babu komai. Ka jera fasfo, iƙama da katin ka karanta su harafi-harafi kafin ka tura. In akwai saɓani, a sa wani a Damagaram ya koma cibiyar da aka yi mata su fitar da sabuwa da sunan da ke fasfo. Kada a gyara da biro, kada kuma a saurari masu cewa za su kunna kore a waya da kuɗi. Jabun takardar rigakafi laifi ne da ake hukunci a kansa, ga baƙo yana iya kai wa ga kora.

Kada ka tura buƙata ta biyu alhali ta farko tana jira. In an amince, allurai biyun za su fito a Sehhaty, sannan ka kama mata mau'idi. In kwanaki sun ja babu amsa ka kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ka riƙe lambar buƙatar a hannu. Lambar wayar da ke Absher ɗinta, manhajar hidimomin gwamnati, ta kasance mai aiki, nan saƙon sirri ke shiga, kuma nan dattawa da yawa ke maƙalewa saboda layin da aka yi rajista da shi ya mutu tun suna gida.

Yara ba sai sun buɗe nasu ba. A Sehhaty ɗinka akwai sashen tabi'in, wato waɗanda ke ƙarƙashinka, ka ƙara Hafsa da yayanta da lambar iƙamarsu da ranar haihuwa kamar yadda take a kati. Allurar kyauta ce ga ɗan ƙasa da mai iƙama duka, babu wanda zai nemi riyal ɗaya.

Ummu Sadiƙ

Game da yaron. Ba a yi wa mutum allura yana cikin ciwon, don kada ya yaɗa a cibiya, kuma don kada a kasa bambance alamun cuta da na allura. Ƙa'idar da aka fitar farkon watan nan ita ce killacewar kwana 7 ga wanda ya cika rigakafinsa, kwana 10 ga wanda bai cika ba, da sharaɗin awa 24 babu zazzaɓi ba tare da magani ba. Shi kwana 10 zai ƙirga daga ranar gwaji.

Bayan nan ba na ganin dalilin gaggawa. Kamuwar ta ƙara masa garkuwa ta ɗan lokaci, kuma tsawaita tazara ga samari yana rage haɗarin da Abu Ammar ya ambata, shi ya sa Kanada ta mayar da tazarar mako 8. In makaranta ba ta matsa ba, a ba shi wasu makonni ya murmure sosai. Amma a yi ta, kada a ce ciwon ya wadatar.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne mai ciwo yana gida ɗaya da mai ciki, dattijo da mai sikila. Ya zauna ɗaki shi kaɗai, taga a buɗe, a ajiye masa abinci a bakin ƙofa, wanda ke kula da shi ya sa takunkumi, kuma kada ya zama uwargida ce. Ku duba Tawakkalna kafin ku fita, in ta nuna ɗayanku "mukhaliɗ", wato wanda ya cuɗanya da mai cutar, ku matsar da mau'idin zuwa bayan kwanakin. In Baba ko uwargida suka fara tari ko zazzaɓi, a yi gwaji a asibitin Taɗamman na masu alamun korona a ranar, kada a bari sai gobe. Ku samu na'urar awon iskar jini ta yatsa a saidaliyya, wato kantin magani. In ta tsaya a ƙasa da 94 ga ɗayansu, ko uwargida ta ji motsin ciki ya ragu, ku kira motar asibiti a 997.