Akuyata ba lafiya, ni kuma na kasa barci

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah shawara nake nema. Ina da jajayen awaki a gida, da kuɗin adashi na saye su, kuma da su nake sa ran yi wa 'yata kayan ɗaki. Babbar cikinsu ta kamu: majina, kwantsa ta rufe idanu, ga zawo, ta ƙi harawa ta ƙi dusa. Malamin dabbobi ya yi mata allura ya ce a ware ta, na ware.

Yanzu ni ce a wahale. Cikin dare in ta yi tari gabana ya faɗi, in ɗauki tocila in fita. In na ji shiru kuma in ce shi ke nan ta mutu. Abinci ba ya shiga. Maigida ya ce dabba ce fa, in abin ya yi tsanani a sa mata wuƙa. Ga tsoron kar yara su ɗauka. Ku yaya kuke yi da zuciyarku a irin wannan hali?

Malamin Dabbobi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ban gan ta ba, amma alamun nan sun yi kama da cutar PPR, wata annoba da ke kama awaki da tumaki. In ita ce, ki cire tsoro ɗaya: ba ta kama mutum. Ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye. Allurar da aka yi don tare ciwon huhu ne da ke biyo baya. Abin da ke saurin kayar da akuya shi ne ƙarewar ruwan jiki saboda zawo, kuma nan ne aikinki yake. Ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan ta gefen baki, kar a ɗaga kanta sama don kar ta shaƙe. Ki goge hanci da idanu da ruwan ɗumi. Ki nemi ma'aunin zafi, na lafiyayyar akuya wajen digiri 39 ne, in ya haura 40 ki kira malamin.

Batun yanka, ki tambaye shi tukuna, domin naman dabbar da aka yi wa allura yana da kwanakin da ba a cinsa.

Inna Mai Awaki:
'Yata, kar ki ji kunyar damuwarki. Wanda bai taɓa kiwo ba bai san akuya na gane tafiyar uwar gidanta ba. Amma fitar daren nan ki rage, hasken tocila yana hana ta hutawa, ke ma ya hana ki. Ni lokaci nake yanka wa kaina: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha. In duba ko ta sha ruwa, ko tana iya miƙewa, ko ta fara tuƙa. Ran da kika ga tana tuƙa, sauƙi ya fara samuwa. Tsakanin waɗannan lokuta ki bar wa Allah, ki ci abinci, ki sa babban yaronki ya karɓe ki sau ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Inna ta yi gaskiya, sai dai Yaya ki shirya zuciyarki, cutar nan tana kisa ko an yi duk abin da ya dace. In ta tafi ba sakacinki ba ne. Ki mai da hankali kan sauran: ki fara ba masu lafiya abinci kafin ki je wurinta, kwanon ruwanta daban, ki wanke hannu da sabulu. Kuma don Allah kar tsoron asara ya sa a kai ta kasuwa, garken wani za ta shiga.

Maman Hanifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya na bi lokutan Inna, na samu barci har asuba. Ta sha ruwan gishiri da sukari, ba ta fara tuƙa ba tukuna. Malam, sauran fa, akwai rigakafi?

Malamin Dabbobi:
Akwai, ana yin sa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, allura ɗaya na kare akuya aƙalla shekara 3. Masu lafiya ake yi wa. Tun da sun zauna tare da ita, malamin ya auna zafinsu kafin ya yi.