Tura mai ciwon daji asibitin kuɗi saboda maganin da babu mai biyansa

Ƙaramin likita, Maraɗi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magabata a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai. Akwai wata baiwar Allah daga wani ƙauye na yankin Gidan Rumji, mai shekara arba'in da ƴan kai, wadda aka yi wa aikin cire nono a Yamai saboda ciwon daji, ta kuma kammala shimiyo ɗinta, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji. Gwajin naman da aka cire ya nuna ciwon nata mai HER2 ne, wato nau'in da ke da yawan wani furotin mai sa shi saurin girma, don haka likitan da ke duba ta can ya rubuta mata trastuzumab, a riƙa ƙara mata ta jijiya duk mako 3 har shekara guda. Inda nake aiki ba mu da wannan magani, kuma babu wanda ya ɗauki nauyin biyansa. Mijinta ya zo mini da takardun a naɗe cikin baƙar leda, ya ce an gaya masa wani asibitin kuɗi a cikin gari zai iya kawo maganin ya kuma sa mata, in dai na ba su takardar turawa. Har ya sa shanunsa biyu a kasuwa.

Zuwa Yamai duk mako 3, tafiyar fiye da kilomita 600, ba abin da jikinta ko aljihunsa za su ɗauka ba ne. Duk da haka hannuna ya ƙi rubuta takardar, domin ina ganin kamar ni zan tura su su sayar da abin da suka mallaka, a wurin da ban san yadda ake aiki ba. Shin in rubuta, ko in ce su koma inda aka fara?

Tsohon hannu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba laifi ba ne ka tura mara lafiya inda maganinta yake. Abin da zai zama laifi shi ne ka miƙa takardar sannan ka kakkaɓe hannunka. Tun 2007 akwai dokar da ta ce kula da ciwon daji na mata kyauta ne a Nijar, amma duk wanda ya yi aiki a asibiti ya san doka ba ta sa kwalba a kan kantar magani, musamman kwalba mai tsada irin wannan.

Kafin komai, duba takardar gwajin da idonka. In an rubuta 3+ a sakamakon HER2, magana ta tabbata. In 2+ ne, sai an yi ƙarin gwaji, domin trastuzumab ba ya amfanar wadda ciwonta ba na HER2 ba ne, kuma masu wannan nau'in ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu ciwon nono ba. Sannan a yi mata eko, wato hoton zuciya, kafin ƙarin farko, a kuma maimaita duk wata 3, saboda maganin yana iya raunana bugun zuciya, balle in shimiyon da ta sha akwai doxorubicin a ciki, wannan jan ruwan. In asibitin da suke magana bai tambaye ka sakamakon eko ba, wannan kaɗai ya ishe ka sanin irin wurin.

Abin da na fi damuwa da shi lissafi ne. Mutanenmu kuɗin kwalbar farko suke tambaya, masu sayarwa kuma shi suke faɗa. Zaunar da mijin ka gaya masa ƙari 17 ko 18 ne, ban da kuɗin gado, da na eko, da na mota. Shanu biyu za su kai su ƙari na nawa? Ka kira likitan Yamai ka gaya masa gaskiyar aljihun mutanen nan, domin wani babban bincike da aka yi a Ingila, wanda aka buga a 2019, ya nuna sakamakon karɓar maganin na wata 6 bai yi nisa da na wata 12 ba. Ba kai za ka yanke wannan ba, shi ne zai yanke, amma ba zai yi tunaninsa ba in ba wanda ya gaya masa.

In kuma masu asibitin suka ce akwai ɗan abin goro a kan kowane mara lafiya da ka turo, kada ka karɓa. Daga kuɗin shanun za a ciro shi.

Mai farmasi:

Dokta, ni ta fuskar kwalbar zan yi magana. Wannan magani sai a firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga kamfani har ranar da za a haɗa shi, ba a kuma bari ya daskare. Duk mun ga abin da ya faru a garin nan a 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kuma mun san zafin watan Afrilu. Ka je da ƙafarka ka ga firijin, ka tambayi injin da ke riƙe shi in an ɗauke wuta, ka tambayi ta wace hanya kwalbar ta shigo. Wadda aka ɗauko a jakar matafiyi da ƙanƙarar da ta narke tun kafin Ɗan Isa, ba wanda zai gane ta lalace ta hanyar kallo. Ga kuma jabu: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. A riƙa rubuta lambar kowace kwalba a katin matar, a kuma buɗe kwalin a gabansu.

Akwai sauƙi ta wani gefen. Ba dole sai Herceptin ba, wato trastuzumab na kamfanin asali. Akwai makamantansa masu rahusa, kuma hukumar ta amince da ingancin na farko a Disambar 2019. Sannan ana auna shi ne da nauyin jiki, miligiram 8 a kan kowane kilo a karon farko, 6 a sauran. Mace mai kilo 60 ke nan 480, sannan 360. In aka yi amfani da kwalba mai miligiram 440 aka narkar da ita da ruwanta na musamman, ragowar 80 ɗin bayan an ɗebi 360 tana iya kwana 28 a firiji, wato za ta kai ƙari na gaba. Ka tambaye su ragowar ta wa ce, tunda an riga an biya ta.

Ƴar mai jinya:

Likitoci, ku yi mini afuwa, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, jinyar yayata na yi. Dokta, ban goyi bayan ka riƙe takardar don tausayi ba. Mu an ɓoye mana cewa akwai wannan magani, wai don an ga ba mu da hali, sai bayan wata huɗu muka ji a bakin wata mai jinya, muka tafi Kano da kanmu ba tare da takardar kowa ba. Da dangi sun sani tun farko, da an haɗa abin da aka haɗa a kan lokaci. Ranar da zazzaɓi da rawar sanyi suka kama ta da tsakar dare bayan ƙarin farko, can suka ce mu nemi likitanmu na gida, nan kuma aka ce ba a san abin da aka sa mata ba. Ka rubuta lambarka a bayan katinta.

Kuma a duk bayaninka mijin kaɗai na ji ya yi magana. Ita me ta ce?

Ƙaramin likita, Maraɗi:

Na gode ƙwarai. Hajiya, kin kama ni, ban tambaye ta ba sai yau da safe. Ta ce tana son maganin, amma ba ta yarda a taɓa gona ba. Na duba takardar, 3+ ne, an kuma ba ta ranar Litinin don eko. Likitan Yamai ya ce in tura masa sakamakon kafin mu yi maganar wata 6. Gobe in Allah ya kai mu zan je in ga firijin. Malam mai farmasi, in kwalbar 150 kaɗai suke da ita, ragowar ita ma tana ajiyuwa?